Sunana a Akwatin Koke

Ranar wata Litinin na iso aiki na tarar an cire injin lemon Rayo daga bangon sashen abinci, an kafa wani sabo fil mai tambarin Olita. Ba wanda ya gaya mana. Shekara goma sha tara ina tsaye a bayan kantar nan ina miƙa wa mutanen Monterrey burodi da soseji da yankan fiza, in ɗora musu kofin shan lemo a kai su je su cika da kansu sau nawa suka ga dama. Wannan kofin shi ne rabin abin da ke kawo su kantinmu. Mutum zai lodo buhun shinkafa da katan-katan na sabulu da naman gashin Lahadi a keken kaya, amma hankalinsa yana kan kofin.

Ina ganin injin na tabbatar za a yi rigima, don na san mutanen garinmu. Da Rayo aka yaye mu. Da shi muke karyawa, da shi muke kora nama, da shi ake tarbar baƙo. Mijina Fidencio ma sai da likita ya raba su da ƙarfin tsiya, bayan ciwon sukari ya riga ya gama da ƙodarsa. Sau uku a mako ake masa wankin ƙoda, kuma da katin asibitin da aikina ya ba ni ake yi. Ranar da na rasa aikin nan, katin mako takwas zai ƙara ya mutu. Shi ya sa duk zafin kaina nake haɗiye magana a bayan kanta.

Wani dattijo da muke kira Don Rutilo ne ya fara, tsohon direban tirela da ba ya fashin zuwa. Ya cika kofi, ya kurɓa, ya tsaya cak.

"Casilda! Zo nan. Mene ne wannan?"

"Lemo ne, Don Rutilo."

"Lemon uban wa? Ai wannan ruwan wanke-wanke ne aka zuba wa sukari."

"Ba ni na haɗa shi ba. Ni ma yanzu na gan shi."

"Ke dai na gani a gabana. Shekara nawa ina sabunta katin shiga kantin nan? Don in sha maganin tari nake biya?"

Ya juye kofin a ƙasa, a gaban takalmina, ya sake cikawa, ya sake juyewa. Wai don kamfani ya yi asara. Kamfani yana can babban birni cikin sanyin ofis, ni ce na ɗauko bokiti da tsumma.

Kafin azahar abin ya zama yayi. A cika, a ɗanɗana, a yatsine fuska, a zubar. Wata mata ta turo min kofinta har ya faɗo cikin tiren soseji, ta ce in sha a gabanta in ina da zuciya. Wani mai gashin baki ya ce mu ɓarayi ne, mun karɓi na goro mun sayar da garin. Mu da ko wurin ajiye jaka ba a shawara da mu! Wasu suka fara shigowa da kwalaben Rayo a ƙarƙashin riga kamar masu fasa-ƙwauri, masu gadi na ƙwacewa, ana zage-zage. Sabo turken wawa, amma ban taɓa ganin turken da ya riƙe gari guda ba sai a wannan makon.

A bakin ƙofar fita akwai akwatin koke, ja, da kwaɗo. Takardarsa layi uku ce: kwanan wata, abin da ya faru, da sunan ma'aikacin da ya saurare ka. Duk Juma'a ake kwashe takardun a aika hedikwata. Mu ma'aikata mun san yadda abin yake: can ba mai karanta layin tsakiya. Suna kawai ake shigarwa a kwamfuta. Wanda sunansa ya fito sau goma a wata, takardar gargaɗi. Sau ashirin, a duba zamansa. Ni a shekara goma sha tara sau biyu sunana ya shiga akwatin nan, ɗaya ma yabo ne.

Litinin ta zagayo, manajan sashenmu ya kira ni. Osvaldo Treviño sunansa, mutum ne mai ladabi da tsoron na sama da shi, ko tari zai yi sai ya duba ko doka ta yarda.

"Doña Casilda, sunanki ya fito sau talatin da huɗu."

"Sunana? Ni na canza lemon?"

"Na sani. Amma sunanki ne a jiki."

"To mu shida ne a kantar nan. Sauran fa?"

Ya duba takarda. "Babu ko ɗaya. Duk ke ce."

Na fito ina huci. Na ce wato saboda na daɗe, kowa ya san ni, shi ya sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na juya bajin sunana ya kalli ƙirjina. Na roƙa aka mai da ni baya wurin gasa burodi, inda ba mai ganina sai ta ɗan taga. Kwana biyu ban yi magana da mai saye ko ɗaya ba.

Ranar Laraba ina leƙe ta tagar sai na hango Don Rutilo a bakin akwatin da wasu tsofaffi uku, kowa da biro. Na ajiye tire na fita da rigar aikina.

"Don Rutilo, ba ni takardar nan in gani."

Ya miƙo min yana murmushi. Layin tsakiya: a dawo mana da Rayo. Layin ƙasa: Casilda Garza, da manyan baƙaƙe.

"Yau ni na saurare ka? Ko ganina ka yi?"

"Haba, Casilda, ai taimakon juna ne. Doña Herlinda ta ce duk mu sa sunanki, don ke ce babba a nan. In sun ga muna da namu a ciki, takardar za ta fi saurin hawa sama."

Herlinda comadre ɗina ce, ita ta riƙe 'yata a coci ranar baftisma, shekara ashirin da biyu ke nan, tun daga ranar ba mu ƙara kiran juna da suna ba, sai comadre. Gidanta yana bayan namu a unguwar Guadalupe. Mace ce da ba ta zuwa ko'ina ba tare da sunan wani a bakinta ba. Asibiti, ofishin ruwa, makarantar yara, ko'ina sai ta ce wane ne ya turo ni. Kuma yana yi mata aiki, don haka garin yake. Takardar da ba ta da uba a ƙarƙashin tari take kwana.

Da na tashi aiki ban biya gida ba, gidanta na wuce. Na same ta a tsakar gida da matan ƙungiyar cocinmu, tebur cike da takardun koke da ta kwaso, kwalbar Rayo mai lita uku a tsakiya.

"Comadre! Shigo ki ga aiki. Ɗari da tamanin muka zuba tun Asabar, ga wasu sittin."

"Da sunan wa?"

"Da naki mana. Wa muke da shi a can in ba ke ba?"

"Comadre, kin kashe ni."

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, sau biyu. Na ce layin nan na wanda ake ƙara ne. Na ce ba mai karanta abin da kuka rubuta, suna kawai suke ƙirgawa. Na ce Fidencio. Ta saki baki tana kallona, can ta tafa hannu.

"Kai, ke ma dai da tsoro! Mutum ɗari biyu sun rubuta sunanki, a kore ki? Ai ƙarin girma za su yi miki. Su ga duk gari ke ya sani."

"Ke ce kike aiki a can ko ni?"

"To mai da wuƙar. Ki bar min, ni na ɓata, ni zan gyara."

"Kada ki gyara komai! Na haɗa ki da Allah ki zauna a gidanki."

Na tattara sittin ɗin na cusa a jakata. Amma ɗari da tamanin suna cikin akwati mai kwaɗo, kuma mabuɗin ba a hannun Osvaldo yake ba. Washegari na roƙe shi, ni da na haife shi a shekaru, har da hawaye, kuma na tsani kaina saboda hawayen. Ya ce zai rubuta wa hedikwata ya bayyana musu kuskure ne. Na yarda zai rubuta. Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da gargaɗi kawai zan sha.

Asabar, lokacin da kanti ya fi cika, ina baya ina jera burodi sai na ji hayaniya ta canza. Na leƙa. Herlinda ce a gaba, bayanta mata da tsofaffi sun fi arba'in, Don Rutilo yana riƙe da kwali da aka yanko daga katan ɗin sabulu. An rubuta: A DAWO DA RAYO, A BAR MANA CASILDA. Suka tsaya a gaban injin suna buga kofuna a tebur.

"Ca-sil-da! Ra-yo! Ca-sil-da! Ra-yo!"

Sauran masu saye, waɗanda ba su ma san wace ce Casilda ba, suka ɗauka, don kowa da haushinsa a ciki. Wani ya danna famfunan injin duka shida ya bar su suna zuba. Lemo ya malale har ƙarƙashin teburori, wata tsohuwa ta zame ta zauna daɓas. Wayoyi duk sun tashi sama ana ɗauka.

Na fito da gudu ina cewa su bari. Suna ganina suka ɓarke da tafi da shewa. Herlinda ta cafko hannuna ta ɗaga sama kamar wadda ta ci dambe. Na fizge, amma an riga an ɗauka. A hoton da ya zagaya gari bakina a buɗe yake, hannuna a sama, kwali da sunana a bayana. Ba mai jin abin da nake cewa. Zaginsu nake yi.

Ranar Talata aka kira ni ofis. Osvaldo yana gefe ya sunkuyar da kai, wata mata daga hedikwata tana zaune a kujerarsa, ta juyo min da fuskar kwamfuta.

"Wannan ke ce?"

"Ni ce. Hana su nake yi."

"Mai riƙe da hannunki fa?"

"Maƙwabciyata ce."

"Maƙwabciya kawai? Mun ji uwar baftismar 'yarki ce. Takardu ɗari biyu da sha huɗu da sunanki, da yawansu rubutun hannu ɗaya. Sannan wannan. Kina so mu yarda ba ki da hannu?"

Na ce ta tambayi Osvaldo. Ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Na faɗi shekaruna goma sha tara. Na faɗi ƙodar mijina. Ta ce ta tausaya, ta turo min takarda da biro. A nan zuciyata ta ƙwace, na gaya mata ita da masu aiko ta sun zauna a ofis sun canza wa gari guda abin sha ba su ko leƙo ba, suka bar mu da bakin mutane, yanzu sun zo neman wanda za su rataya wa. Ta bari na gama tsaf, sannan ta nuna min inda zan sa hannu.

Na ajiye baji da rigar aiki na fito ta ƙofar gaba, wadda ban taɓa bi ba a ranar aiki. Rana ta take, kwalta tana tururi. Herlinda tana zaune a inuwar da ake jera kekunan kaya, ashe ta ji an kira ni ta biyo. Tana ganina babu rigar aiki ta miƙe.

"Comadre... me suka ce?"

"Sun kore ni."

Ta dafe ƙirji. Idonta ya ciko, kuma na san ba ƙarya take ba. Ta ce wayyo Fidencio, ta ce na shiga uku, ta ce za ta je wurin wane, surukin wane ne a ofishin gwamna. Ni kuwa ina lissafin mako takwas a kaina, ina neman ranar da katin asibiti zai mutu.

Can ta share ido da gefen gyale, ta ɗan matso, ta rage murya.

"To... lemon fa? Ba su ce komai a kai ba?"

Na dube ta daga sama har ƙasa.

"Matsa min hanya, Señora Herlinda," na ce. "Ƙarfe huɗu ake sa mijina a injin wankin ƙoda."