Bel Ɗin Yaya

Ƙarfe huɗu na yamma, hadari ya haɗo amma ya ƙi zuba. Ina zaune a gefen gadon Yaya ina kallon ƙarin ruwa yana ɗiga.

Shekara shida yake fama da gyambon hanji. Ni gyaran takalma nake yi, don haka duk sanda ya ƙara ramewa, bel ɗinsa yake miƙo mini in ƙara masa huda. Huda biyar na yi da hannuna.

Wannan karon ciwon ya gagari magungunan da aka saba, sai likita ya sa aka zuba masa wani a cikin ruwan, wai shi ketamin. Nas ta ja ni gefe ta ce, "Zafin zai kwanta, amma ba warkewa ba ce. In cikin ya kumbura ko ya yi tauri, ka kira ni, ko da dariya yake yi."

Dariyar kuwa yake yi. Ya ce silin yana numfashi. Ya ce, "Auta, kanka ya yi girman tulu."

"Da ma haka yake, Yaya."

Da aka cire ruwan ya tashi zaune, wai gida za shi, yara sun kwana huɗu ba su gan shi ba. Ya zura wando ya ja bel. Bai kai hudata ta biyar ba. Ya sassauta zuwa ta huɗu, ta uku. Har hudar kamfani ta ƙi kamawa. Gumi ya tsatstsafo masa a goshi, leɓensa ya yi fari.

Na kai hannu. Cikin kamar katako.

"Ƙiba na yi," in ji shi. "Ba na jin komai, wallahi. Ka yi mini shiru."

Tunda aka haife ni ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na daɗe ina kallon bel ɗin, sannan na miƙe.

"Auta! Dawo nan, munafuki!"

Na kira nas, ta danna cikin sau ɗaya, ta fita da sassarfa. Suka dawo su uku da gado mai taya.

A bakin ƙofar ɗakin tiyata da ba a bari a wuce, mayafinsa ya zame, ƙafafunsa suka fito, sanyi ƙalau. Na ja na rufe masa su. Ya juya fuskarsa bango, aka tura shi ciki.