Fankar Ɗakin Gadi

Mita, filaya, sukudireba, naɗin waya, baƙin tef, tocila. Abin da ke jakar Injiniya ke nan, tana kan cinyarsa a bayan motar haya, kiran Hajiya mai sito kuma na ta shigowa.

Katan-katan na sabulu ke ɓacewa a sitonta, kuma duk ranar da suka ɓace sai a tarar hoton kyamarori ya yanke. Shi ya haɗa mata kyamarorin. Shi kuma ya kawo ƙanensa, Auta, ya tsaya masa har aka ba shi gadi.

Da ya isa siton, ko gaisuwa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Injiniya, ko kayanka jabu ne, ko wani ke kashe min su. Zaɓi ɗaya."

"Bari in duba, Hajiya."

"Duba. Ni dai na san ba aljanu ke wanka da sabuluna ba."

Ya zauna gaban allo ya bi hotunan baya. Yankewar ba ta da lokaci, yau da hantsi, jiya bayan azahar. Amma duk sa'ad da hoto ya dawo, fitilun sito na rawa irin ta wutar janareta. Ke nan da an ɗauke wuta komai ke mutuwa, sai an tada inji. Bai kamata ba. Don wannan giɓin ya sa akwatin batir a ƙarƙashin tebur, ya riƙe na'urar naɗa hoto da kyamarorin kafin inji ya tashi.

Ya durƙusa ya jawo akwatin. Ya taho sakayau, kamar kwalin takalmi. An zare filogin na'urar daga jikinsa an kai bango. Ya kwance murfin: babu batir. Wayoyin biyu an naɗe su tsaf da tef, an lanƙwasa bakin tef ɗin ya yi ɗan kunne, don sauƙin warewa. Haka shi yake naɗi. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa.

Ya mayar da murfin kafin ta leƙo.

"Me ka gani?"

"Zan kashe wutar gidan duka, in gwada wani abu."

Ya ja babban makunni. Sito ya yi tsit. Ya ratsa fili, ya wuce direban Hajiya da ke zaune a bayan babbar mota. Direban ya bi jakarsa da ido, sannan ya shiga latsa waya. Kafin Injiniya ya kai bakin ƙofa ya ji ƙarar: fanka na juyawa a ɗakin gadi.

Auta na kishingiɗe, riga a buɗe. Batirin na ƙarƙashin benci, an lulluɓe shi da buhu.

"A'a, Yaya! Shigowa ba sallama?"

"Gida duk babu wuta. Fankarka da addu'a take aiki?"

Auta ya miƙe zaune. "Yaya, ɗakin nan kwano ne. Da rana mutum dahuwa yake yi. Na ga batirin yana zaune kawai, ba ya komai."

"Zaman nan shi ne aikinsa. Kamar naka."

"Wallahi ban taɓa mata ko sabulu ɗaya ba."

Injiniya ya dube shi. Ya san fuskar Auta in yana ƙarya, tun suna kwana ɗaki ɗaya. Yau bai iya karanta ta ba.

"In an ɗauke wuta, wa ke tada inji?"

"Ni."

"Wa ke bakin ƙofa in ka zagaya baya?"

"Babu kowa."

"Wa ya san batirin yana nan?"

Auta ya dubi ƙarƙashin bencin. "Direba yakan shigo shan iska. Ya tambaye ni inda na samo. Dariya ma ya yi." Ya kama hannun yayansa. "Ka mayar da shi kawai, ka ce mata lalacewa ya yi. Kora ta za ta yi, Yaya. Me zan gaya wa Mama?"

Ta taga Injiniya ya hango direban ya sauko daga mota yana nufo su, a hankali, hannu a aljihu. Injiniya ya zare wayar fankar, ya ɗauki batirin ya ɗora wa Auta a hannu. Sannan ya tura ƙofa ya sa sakata, kada direban ya shigo kafin ya gama magana.

"Ɓalla maɓallan rigarka. Kai za ka kai mata shi, ka faɗi komai da bakinka, har da direban. Ina tsaye, amma ba zan ce ya lalace ba."