Taƙi Biyu a Shingen Kuwabara

Kuwabara-san, maƙwabcin Mitsue, yana can saman tsani mai ƙafa uku lokacin da ta fito ba tumatirinta ruwa. Ba ta ga jikinsa ba, don shingen itatuwan da ya raba gidajensu ya yi tsawo da duhu. Kansa kawai ta hango ɗaure da farin tawul yana lilo a saman ganye, da bakin almakashi yana buɗewa yana rufewa. Nan take gabanta ya faɗi. Mutumin da ya haura tamanin, wanda ko jakar shara sai ya huta a hanya kafin ya kai ta bakin titi.

"Kuwabara-san, me kake yi a can sama?"

"Kallon teku nake yi," ya ce, bai ko dube ta ba. "Ki hawo, akwai wuri."

"Ba Tsuruoka-san ne zai yi wa shingen aski ba? Na ga motarsa a ƙofarka jiya."

"Ya zo. Ya kafa sandar awonsa, ya ɗaga kai, ya tsotsi haƙori." Almakashin ya ce ƙaras, reshe ya faɗo ta ɓangarenta. "Wai shingen da bai wuce mita biyu a tsaye ba, kowace mita ta tsawonsa da ɗan kuɗinta. Da ya wuce, kuɗin ya ninka, don sai an hau tsani, sai an zo da mutum na biyu mai riƙewa. Kwashe ganye kuma lissafinsa daban. Nawa ya wuce da taƙi biyu. Taƙi biyu kacal, Mitsue-san. A kan wannan zan miƙa masa fanshona?"

"To shi ne?"

"Shi ne zan sare taƙi biyun da kaina. In ya dawo ya sake awo, ya tarar da gajeren shinge, ya yi mini kuɗin gajere."

"Kai da bakinka ka ce sai da mai riƙe tsani."

"Wannan na samarin yanzu ne."

Tsuruoka dai ba macuci ba ne, haka duk masu aikin lambu suke yanka kuɗi. Kuma Kuwabara ba wai ba shi da mai taimakonsa ba. Yana da 'ya a babban birni wadda da zai buɗe baki, kafin yamma ta biya. Amma ina. Tsohon direban bas ne, ya yi rayuwarsa yana ba mutane haƙuri in ya makara, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin a ce ya ɗora wa wani nauyi. Ga taurin kai kamar na jaki. Mitsue ta san shi sarai, sun tsufa gida da gida, sun yi makokin mijinta tare, sun yi na matarsa tare.

Ta tsaya da butar ruwa a hannu tana kallon kan nan mai tawul. Rana ta fara zafi, ƙwarin bazara sun cika unguwar da kuka. Duk sanda ya miƙa hannu nesa, sai ta ji tsanin ya yi ƙara. Unguwa ce ta tsofaffi, ba wani saurayi da za ta kira. Faɗa kuwa ba ya sauko da Kuwabara, sai dai ya ƙara hawa da shi.

Sai dabara ta zo mata. A al'adar garin, duk wanda ya zo aikin shinge, in hantsi ya yi sai an fito masa da shayi da ɗan abin taɓawa, shi kuma dole ya ajiye almakashi ya zauna. Ƙin sha rashin kunya ne.

"Tunda yau kai ne ma'aikacin," ta ce, "kuma rabin shingen nan yana kallon gidana, shayinka a kaina yake. Ka sauko."

Ya yi dariya har da tari. "Kin kama ni. To, bari in ƙarasa wannan kusurwar."

Ta shiga ciki da sauri. Ta zuba shayin sha'ir mai sanyi a kofi, ta yanka kankana, kunnenta na waje. Ƙaras. Ƙaras. Muddin tana jin wannan, yana nan lafiya. Tana neman ƙaramin faranti ta ji wani abu tim, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhun shinkafa. Ta tsaya cak. Ta jira almakashin ya ci gaba, bai ci gaba ba.

Ta fito da tire a hannu. Ba kai a saman shinge.

"Kuwabara-san?"

Ƙwari kawai ke kuka. Ta kewaya ta titi, ta zo ƙofar gidansa. Abin haushi, nan ta tsaya. Duk zamansu ba ta taɓa wuce wannan ƙofar ba sai an ce mata shigo. Ta yi sallama, ta sake yi. Sannan ta tura ƙofar da kafaɗa.

Yana kwance rigingine a cikin ganyen da ya sare, kansa dab da dutsen da ake takawa a shiga gida. Ƙafar tsanin ta uku ta nutse a ƙasa mai laushi, tsanin ya kife cikin shinge. Idonsa a buɗe, yana kallon sama.

"Kash," ya ce. "Kin gan ni a haka."

Ta dire tiren, ta durƙusa. Jini kaɗan ne, a bayan kunne, ya ɓata tawul. Ta laluba aljihun rigar aikinta ta ciro waya, sai ya kama mata hannu. Har yanzu da ƙarfi a hannun.

"Kada ki kira motar asibiti."

"Kanka ka buga."

"Za su zo da jiniya, kowa ya fito. Matar maƙwabcinmu Ishiguro ba ta da lafiya, jaririn gidan can yana barci. A ce duk don tsohon banza ya faɗo daga tsani? Ki rufa mini asiri, Mitsue-san. Jiri ne kawai."

Ta dube shi. Maganarsa daidai, idonsa daidai. Ita ma a ranta ta san kunyar da yake gudu, don da ita ce a kwance, abin da za ta roƙa ke nan. Ta mayar da wayar aljihu, zuciyarta na cewa kada, kada.

Ta taimaka masa ya zauna ya jingina da dakalin gidan. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya yi godiya kamar ma'aikacin gaske, ya sha. Har ya ci kankana. Ya nuna shingen da haɓa, inda rabi ya gajarta rabi yana nan da tsawonsa.

"Kin ga, saura kaɗan. Tsuruoka zai sha mamaki."

"In ka sake taɓa tsanin nan, ni da kaina zan kira 'yarka."

"Muguwa," ya ce yana murmushi.

Ta ɗan ji sanyi a ranta. Suka zauna, yana ba ta labarin wani fasinja da ya taɓa shiga bas ɗinsa da agwagwa. Ta san labarin, amma ta bar shi. A tsakiya ya tsaya.

"Tsuruoka ya zo ne?"

"A'a, ba yau ba ne."

"To." Ya dubi ƙofa. "Tsuruoka ya zo ne?"

Ta leƙa fuskarsa, ta ga ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. Kofin ya suɓuce daga hannunsa, ya karkata ya amayar da kankanar a kan wandonsa, yana ƙoƙarin ba ta haƙuri amma harshen ya ƙi. Wannan karon ba ta tambaye shi ba. Ta danna lambar motar asibiti, ta faɗi unguwa da gida, sai ta ji bakinta yana cewa, "Don girman arziki, ko za ku zo ba jiniya?" Mai amsa wayar ta ce mata ba a yin haka, ta ce ta kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada ta daina yi masa magana.

Ta yi ta yi masa magana. Ta ce masa shingen ya yi kyau. Ta ce ya ƙarasa mata labarin agwagwa. Ta kira sunansa na yanka, Shozo, wanda ba ta taɓa furtawa ba. Numfashinsa ya koma minshari mai nauyi, hannun da ya riƙe ta ɗazu ya saki. Tsoro irin wannan ba ta taɓa ji ba, ko ranar da mijinta ya rasu, don shi a gadon asibiti ya cika, da likitoci kewaye da shi. Can daga gangaren gari ta jiyo jiniyar tana hawowa, ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da hantsi ya rasu a asibiti, bai farfaɗo ba. 'Yarsa ta zo har gida ta durƙusa ta gode wa Mitsue da ta kira mota. Mitsue ta faɗa mata gaskiya, cewa sai da suka zauna ya sha shayi tukuna. 'Yar ta ce, "Halin Baba ke nan." Ko zaman nan ne ya kashe shi, ba wanda ya ce mata e, ba wanda ya ce a'a. Ta so ta tambayi likita, ta ji tsoron amsar.

Da yamma hadari ya haɗo. 'Yar ta koma wurin masu shirya gawa, gidan a kulle. Mitsue ta fito rufe tagogi, sai ta ga ta inda ya rage tsawon shingen yanzu ana hango barandarsa daga dakalinta. Shanyarsa na nan a kan sanda: singileti biyu, da safa, da wandon barci mai faci a gwiwa, kowanne an maƙale shi da kyau. Ruwa ya fara ɗigowa. Ta tsaya da hannu a kan taga, tana kallon wandon yana jiƙewa.