Akwatin da Ba a Buɗe Ba

Tijana ta ture burek ɗin, wani burodi mai nama a ciki, da ke gaban abokin aikinta Vukašin, ta juyo masa da kwamfutarta.

"Me ya sa ka matsar da iyakar nan?"

"Ko gaisuwa babu, 'yar ƙauye?"

"Amsa min."

Tun da ta zo cibiyar nan ta Belgrade neman digirin digirgir, aikinta ɗaya ne: gano top kwak, wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, a bayanan injin Geneva mai gwara ƙwayoyi da juna. Idan ƙwayar ta fito da ƙarfin gaske, ɓaraguzanta uku kan cure su zama feshi guda, mai kama da tarkacen banza. Ƙa'idar aikin kuwa, ainihin bayanan suna rufe, ana ce musu akwati. Sai an kammala hanyar tacewa da bayanan kwaikwayo ake buɗewa, don kada son zuciya ya zaɓi sakamako.

Ga shi Vukašin ya matsar da iyakar tacewa zuwa inda kwaikwayon bai nuna wani amfani ba, Farfesa Obradović mai duba aikinta kuma ya amince nan take. Sunanta ne zai zo farko a takardar. Idan aka gano an leƙa akwatin, ita za a fara tuhuma.

"Ka leƙa," ta ce.

Ya yi dariya, amma bai dube ta ba. "Ni da ko kalmar sirrina ba na iya tunawa?"

Ta tashi ta nufi ofishin Farfesa. Yana dafa kofi, ya saurare ta har ƙarshe.

"'Yata, kin cika zargi. Ni na ce ya matsar. Kuma ki kwantar da hankalinki, a daidai wurin nan abin ya fi fitowa."

Tijana ta dube shi. "Ya fi fitowa a ina, Farfesa? A kwaikwayo babu bambanci, sai dai in an buɗe akwati."

Kofin ya tafaso ya zube a kan murhu. Ya ɗauki tsumma yana gogewa a hankali.

"Ba ki so ki gama a bana?"

"Ina so."

Ta koma teburinta. Ta mayar da iyakar inda take tun asali, ta tura gyaran ga dukan ƙungiyar binciken a Geneva.

Vukašin ya leƙo allon. Sannan ya gutsura burek ɗin biyu, ya miƙa mata rabi.

"Ci. Za ki daɗe a gidan nan."