Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, magana ta ɗauke masa. Hannun dama ya mutu, na hagu kuma rawa yake yi, ba ya riƙe biro. Yaya ne ya kawo tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, ya jona mata wani kibod mai manyan haruffa, kowanne kamar murfin kwalba. Da yatsa ɗaya Baba yake dannawa, mu kuma mu karanta. Da ita yake neman ruwa, da ita yake yi mana faɗa.

Ranar, Umma ta tafi kasuwa ta bar ni da shi, ta ce in ba shi maganin rana. Da lokaci ya yi na kife littafina, na kawo ƙwaya da kofin ruwa. Sai ya datse baki, ya kawar da kai. Baba kuwa ba ya wasa da magani, shi ma yake tuna mana.

"Baba, ɗaci ne?"

Ya girgiza kai.

"Bayi za ka shiga? In kira Umma?"

Ya sake girgizawa, ya bugi hannun kujera, ya nuna kwamfutar da ke kan teburin gabansa. Idanunsa sun firfito. Na tuna likita ya ce mana ciwon nan yakan dawo, in ya dawo kuma ba a jira. Takardar alamomin ciwon da ya ba mu na karanta ta har ta yage, amma a lokacin ko layi ɗaya ban tuna ba.

Na danna maɓallin kunnawa. Fankar ciki ta yi ƙara, tambari ya fito, na ce alhamdu lillahi. Kawai sai fuskar ta yi baƙi, ta shiga wani kuka, ƙit ƙit ƙit, kamar ɗan tsako. Ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta sake yin baƙi.

Na kira Yaya a wurin aiki.

"Farar kura, yau kuma me ya biyo ki? Kyankyaso?"

"Yaya, Baba ya ƙi shan magani, yana son magana, kwamfuta ta ƙi tashi!"

Dariyar ta ɗauke masa. "Yana numfashi daidai?"

"Ina jin haka. Ban sani ba!"

"To, natsu. Cajar tana jone? Fitilarta tana ci?"

"Tana ci."

"Danne maɓallin, kada ki saki sai ta mutu murus. Sannan ki kunna."

Na yi. Tambari, baƙi, ƙit ƙit ƙit. Baba ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, yawu yana bin haɓarsa. Na goge masa da bakin mayafina, na sake kai masa kofin, ko ruwan kaɗai ya kurɓa. Ya make shi, ruwa ya malale a ƙasa.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Kofi ne. Yaya, ka zo mana!"

"Kafin in keto cunkoson nan an daɗe. Ke ce a wurin, 'yar ƙanwata. Kifa ta, ki zare batirin, ki bar ta a kan caja kawai."

Na kifa ta. Maƙallan batirin sun yi tauri, farcena ya karye kafin ya fito. Na kunna. Kukan nan dai bai fasa ba.

"Kara mini wayar in ji." Na kara. Ya saurara, sannan ya ce, "Wannan kukan kamar an danne harafi ba a ɗaga ba. Me da me ke jone a jikinta?"

"Caja da kibod ɗin Baba."

"Zare kibod ɗin."

"In na zare da me zai rubuta?"

"Zare, na ce!"

Da na ɗago shi sai na ga wani maɓalli a gefe ya lume ciki, shayi ya bushe a kansa ya yi danƙo. Na fizge wayar kibod ɗin, na kunna kwamfutar. Tambari ya fito. Na zuba mata ido. Baƙin bai zo ba. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, ina ta addu'a a zuci, har shafin rubutun Baba ya buɗe.

Sai dai haruffan jikin kwamfutar ƙanana ne, yatsansa yana danna uku a tare. Ya gwada, shirme ya fito. Ya dube ni. Na durƙusa, na riƙe masa wuyan hannu da hannayena biyu. Shi yake ja, ni ina tsayarwa. Harafi bayan harafi ya fito:

*ba na iya hadiya*

Na dubi ruwan da ke ƙasa da ƙwayar da na so tura masa. Na karanta wa Yaya.

"Kada ki ba shi komai, ko ɗigo! Ruga ki buga wa maƙwabcinmu mai tasi, yanzu na san yana gida. Mu haɗu a asibiti, ni zan kira Umma."

Na zabura zan fita, Baba ya cafke gefen rigata. Ya nuna kwamfutar. Zuciyata ta ce wani abin ne kuma, wanda ya fi wannan. Na koma na riƙe hannun, ina jin Yaya yana ta kirana daga wayar da na yasar a kan kujera.

*sa takalmi*

Ƙafa ɗaya kawai na samu. Da ita na fita.