Birkin Motar Goggo Nas

"Sake takawa," in ji Goggo Nas, tana tsaye jikin tagar motar, hannu a ƙugu.

Na sake takawa. Birkin ya nutse a hankali har ƙasa, kamar na taka soso.

"Goggo, ni tela ne ba bakanike ba, amma wannan ko makaho ya taka ya san da magana."

"Shekaranjiya fa suka yi mata sabis."

Gidanta yana kallon shagona. Aikin jinya ta yi har ta yi ritaya, kuma rabin yaran layinmu ita ta tsorata da allura, shi ya sa sunan ya bi ta. Da ta bar aiki ta sayi ƙaramar mota fara, sabuwa fil, a kamfanin dillancin motoci da ke bakin babban titi, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa ta sai sashen gyaransu. Na ce mu kira bakaniken bayan layi ya leƙa. Ta ce in wani ya sa mata hannu garanti ya tashi.

"Wanda ya haifi ɗa shi ya san kukansa," ta ce.

Muka kira janwe ya ja motar zuwa kamfanin, na rufe shago na raka ta.

Ɗakin jiransu sanyi ƙalau, ga kujeru masu laushi, ga bangon gilashi da ake hango makanikai ta cikinsa. Goggo ta ƙi shayin da aka kawo mata, ta ja kujera gaban gilashin. Motoci sun yi layi har waje. Wanda aka bai wa tata wani dogo ne mai jajayen idanu. Yana cikin aikinta sai a kira shi kan wata, ya ajiye sifana ya tafi, ya dawo da waya maƙale a kafaɗa.

"Ka gani, Tela? Haka muke yi ranar da marasa lafiya suka yi mana yawa. A irin ranar ake manta almakashi a cikin mutum."

Can manajan sashen ya fito da makulli da murmushi.

"Mama, iska ce kawai ta shiga layin man birki. Mun fitar."

"Kun gwada ta a titi?"

"An duba komai, Mama."

Ni dai ban ga an fita da ita ba. Amma sun wanke ta tas, sai ƙyalli take tana ƙamshi. A hanyar dawowa birki ya kama, muka bar zancen.

A ƙarshen makon ta fita da hantsi za ta kasuwa. Layinmu gangara ne, kuma a gindinsa ake tsayawa jiran bas. Waɗanda suka gani sun ce tun daga sama take danna hon. Mutane na tsaye da kaya da yara, sai suka ga ta karya sitiyari ta kauce musu, ta daki katangar wani sito. Daga baya aka gano an bar wani notin bututun birki a kwance, man ya tsiyaye.

Asibitin da ta yi aiki aka kai ta. Haƙarƙari ya karye, ciki ya bugu, ga shekaru. Da likitoci suka gama zagaye ta kira 'yarta, wadda muke ce wa Auta.

"Na san wannan kallon. Ni ma na yi wa mutane shi. Ki mai da ni gida."

Auta ta sa aka fito da gadonta falo, kusa da taga, inda za ta riƙa ganin titi. Ina zaune wajenta manajan ya zo da kwandon 'ya'yan itace. Auta ta tare ƙofa.

"Bar shi ya shigo," in ji Goggo. Muryarta ta yi ƙasa, sai an matsa ake ji.

Ya durƙusa ya yi jaje. Ya ce wanda ya yi aikin an dakatar da shi.

"Ban aike ka korar kowa ba. Na ga yadda kuka raba shi gida uku. Motoci nawa ya taɓa a makon nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Da dama, Mama."

"To masu su suna kan titi da iyalinsu. Kira su."

"Sai na tuntuɓi na sama da ni."

"Ga waya a hannunka. Ni ba inda za ni."

Ya fita baranda ya zauna a kujerar roba. Muna jin sa yana lallashin wani, sannan ya ɗaga murya, sannan ya kira ofishinsu ya ce a nemi duk masu motocin, kada wanda ya tuƙa, za a turo janwe. Goggo ta lumshe ido tana saurare. Da ya gama ta ce wa Auta ta ba shi ruwa.

Tun dawowarta na daina ɗinki da rana don kada ƙara ta dame ta. Washegari ta aiko Auta.

"Wai ka hau kekenka, Kawu. Ta ce shirun nan ya ishe ta, kamar an riga an yi rasuwar."

Na yi dariya, na ɗauko wata riga na hau aiki. Rana ta fara sanyi, na ɗago zan sauya zare, na ga Auta tsaye a bakin ƙofarsu, ta jingina kai da bango. Na sauke ƙafata daga kan keken.

Bayan an kai Goggo makwancinta, masu gaisuwa sun ragu, Auta ta wanke zannuwan gadon. Ta ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfar da ake ajiye motar, ta shanya su a nan. Ina buɗe shago da safe na gan su, farare, ruwa na ɗiga a kan siminti.