Ruwan Rijiyar Inna a Injin Gwaji

Na'urar tace ruwa ta ɗakin gwajinmu ta tashi mutuwarta ranar Talata da safe, kuma da ba ta mutu ba, da har yau ina cikin daɗin rashin sani.

Inna ce wa mutane take "'yata auna mai take yi", ni kuwa ban taɓa auna mai ba, ruwa nake aunawa. A filin da kamfaninmu ke haƙo mai, idan rijiya ta fara gajiya sai a tura ruwa ta wata rijiyar don ya ingizo man zuwa inda ake zuƙowa. Ruwan da ake turawa shi ne dai wanda ya fito tare da man tun farko, mai gishiri da wari da dafin da ko a fatar hannunka ba ka so. To ƙasa ba ta da taga, ba mai ganin inda ruwan ke bi. Shi ya sa ake zuba masa sinadarin bin sawu, kowace rijiya da irin nata, kowanne da lambarsa. Ni kuma a kawo mini kwalaben ruwan da ya fito daga rijiyoyin zuƙo mai, in sa a inji, in duba ko wata lamba ta ɓullo. Idan ta ɓullo, an gane hanyar ruwan ke nan.

Injin nan ya fi maƙwabciya sa ido. Ka zuba cokali guda a tafki, zai gani. Saboda haka dokarmu ɗaya ce mai tsauri: masu zuba sinadarin da masu aunawa ba sa haɗa hanya. Ba mota ɗaya, ba musafaha, kuma kayan da mai zubawa ya sa ranar aiki, daga hula har takalmi, a buhu ake ɗaurewa a kai ƙonawa. Wanda ya karya, kora ce ba sai an yi zama ba.

Duk lambobin da aka daɗe da zubawa sun ɓullo, wata bayan wata biyu, wata bayan shekara, in ban da guda ɗaya, lamba uku. Shekara huɗu ke nan da zuba ta, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Injiniya, shugaban sashenmu, mutum mai tumbi da son raha, ba ya shigowa da safe bai tambaye ni ko ɗan yawon ya dawo gida ba. Ni ma in ce masa har yanzu bai aiko ko da gaisuwa ba, mu yi dariya.

Kafin kowane gwaji sai an fara sa wa injin tsabtataccen ruwa, a tabbatar shi kansa bai da datti. Ranar ga kwalabe ashirin da shida suna jira, ga na'urar tacewa ta ƙi, mai gyara ya ce sai bayan azahar. Ina da gajen haƙuri, wannan kowa ya shaide ni. Na dubi gorar ruwan shana a kan tebur, wadda na ciko daga gida, na ce ai wannan ma ya isa a ɗan leƙa lafiyar injin. Na ɗiba na sa, na juya ina jera kwalabe.

Da na waiwayo, layin da ya kamata ya kwanta a allo kamar zaren da aka miƙe ya yi wani ɗan tudu a tsakiya.

Na zagi injin. Na wanke shi, na sake wankewa, na ari ruwan roba na kanti a wurin abokiyar aikina na sa, layi ya kwanta lafiya lau. Na sake sa na gorata, tudun ya dawo a daidai inda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na ɗaga gorar na tsura mata ido.

Ruwan gorar daga rijiyar burtsatsen Inna yake, wadda ni da Yayana muka haƙa mata shekara biyu da suka wuce. Daga saman tankinta kana hango wutar da ke ci a bakin bututun gas na filin. Inna ta fi alfahari da ruwan nan a kan mu da ta haifa, har famfo ta sa aka fitar waje, duk layinmu nan suke ɗiba. Ni ma tun da na samu ciki na dawo wurinta, don baban yaron aikinsa na nesa ne. Yaron wata bakwai gare shi. Nonona bai ishe shi ba, madarar gwangwani Inna ke dama masa sau biyar a rana, tana kiransa Maigidana, tana cewa ya ci ya ƙoshi ya zo ya yi mata cefane. Da ruwan nan take damawa. Wanzami ba ya son jarfa: shekara tara ina auna ruwan rijiyoyin kamfani, ban taɓa auna na gidanmu ba.

Shi sinadarin kansa, a wannan ƙanƙantar, ba ya yi wa kowa komai. Abin tsoron shi ne ba ya tafiya shi kaɗai. In dai ta ƙarƙashin ƙasa ya zo, to ruwan dafin da aka zuba shi a ciki ne ya kawo shi.

Sai dai akwai wata hanyar, kuma na kama ta da hannu bibbiyu. Yaya yana cikin masu zubawa, shekararsa ɗaya da rabi a aikin, kuma kwana goma sha ɗaya da suka wuce suka zuba lamba tara. Ni da shi mun sa hannu a takarda cewa bayan kowane zubi ba zai taka gidan da nake ba har wata guda. Amma na san Yaya, na kuma san Inna da ɗanta na fari. Gwajin sauri yana cewa akwai sinadari ne kawai, ba ya faɗin lamba. Mai faɗin lamba sai ya kwana yana aiki. Na haɗa shi da sauran ruwan gorar, ban gaya wa kowa ba, na ce wa Injiniya yaro ne ba lafiya. Ya ce in yi maza. Kunyar ƙaryar ma ban ji ba, tsoro ya cinye wurinta.

Na kira Inna sau huɗu a hanya, wayar tana can ƙarƙashin matashi kamar kullum. Na tsaya a kanti na ciko bayan mota da ruwan roba.

Na same ta a tsakar gida tana girgiza bulunbotin madarar yaron. Ban yi sallama ba, na fizge na juye a rariya. Yaron ya tsala kuka, Inna ta tsaya da hannu a sama tana kallona kamar ba ita ta haife ni ba. Na yi mata bayani a gaggauce, ban jin ta fahimci rabinsa. Abin da ta ji kawai shi ne an ce ruwanta ba shi da kyau. Ta ɗebo a kofi ta ɗaga wa rana, ta ce in duba da idona, garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, shekara biyu unguwa na sha ko ciwon ciki ba wanda ya yi. Ta kafa kai ta shanye a gabana. Na ji kamar in sa hannu in ciro shi daga maƙogwaronta.

Na tambaye ta yaushe rabon Yaya da gidan. Ta ce ita ba ta riƙe lissafin ƙafar 'ya'yanta, sannan ta shiga gyara zanin da ba abin da ya same shi. Nan na gane.

Na kira shi na ce ya zo yanzu, ba gobe ba. Ya iso da la'asar yana raha tun daga ƙofa, wai Hajiyar kwalabe ta kira taron gaggawa. Da ya ga fuskata rahar ta gushe. Ya fara da rantsuwa, ya koma ga cewa sau ɗaya ne kuma a ƙofar gida ya tsaya, daga nan ya zauna a bakin tanki ya riƙe kai. Takalman aikin ne. Sababbi fil aka ba su ranar zubin, sawa ɗaya, ya ce zuciyarsa ta kasa ganin an jefa su a wuta. Ya ɓoye su a mota, washegari ya biyo gaida Inna ina wurin aiki, ya wanke su a gindin famfo. Da moɗar duro ya riƙa kwara musu ruwa, duron da nake cika gorata daga ciki kowace safiya.

"Don Allah, ƙanwata, kada ki kai maganar nan sama," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Korata za su yi."

"Yaya, wallahi addu'a nake Allah ya sa kai ne. A kore ka, a kore ni, mu dawo mu zauna a gaban Inna. Na yarda."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi yaron da ke goye a bayan Inna.

Na zage shi tas, zagin da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba, ina yi ina jin wani sanyi na sauka a ƙirjina. Ban taɓa murna da wautar mutum irin ta ranar ba. Muka kifar da duron, muka jefar da moɗar, na sa ya ɗaure takalman a leda uku. Inna kuwa baki har kunne. Ta ce da ma ta faɗa, ruwa ba ya tsami banza, ga mai laifi nan da ƙafafunsa, a bar mata rijiyarta ta huta. Na ce duk da haka a yi haƙuri da ruwan roba zuwa gobe, sai sakamako ya fito, kuma a rufe famfon waje. Ta ce to, irin to ɗin da take yi wa likita in ya hana ta gishiri.

Da safe yaron ya ƙi madarar. Ko ɗanɗanon ruwan ne ya bambanta, ko rigima ce kawai, ya ture bulunbotin yana ihu har na fita. Inna na jijjiga shi tana ce masa ya yi haƙuri, uwarsa ce ta sa musu dokar soja.

Na riga kowa isa ɗakin gwaji, ko mai shara bai zo ba. A hanya na gama shirya yadda zan faɗa wa Injiniya: laifina na sa ruwan gida a inji, laifin Yaya na takalmi, a yi mana abin da doka ta ce. Har na ji na ƙagu in faɗa in huta. Na sa rigar aiki, na sa safar hannu, na zauna na buɗe sakamakon, idona na kan gurbin lamba tara.

Gurbin lamba tara babu komai.

Na ce ko idona ne. Na bi jerin da yatsa daga ƙasa zuwa sama, tara, takwas, bakwai, duk wayam, har yatsana ya tsaya a inda tudun yake. Na janyo babban littafin da ake rubuta kowane zubi, ko da yake na san abin da ke ciki kamar sunana. Lamba uku, an zuba ta shekara huɗu da wata biyu da suka wuce, a rijiyar da ta fi kowacce kusa da katangar filin ta ɓangaren gari. A lokacin Yaya yana tuƙin motar kaya, bai ma san ƙofar kamfanin ba. A gefen shafin akwai rubutun Injiniya da jan biro: ba a gan ta ba tukuna.

Ban san tun yaushe take cikin rijiyar Inna ba, kuma injin ba ya faɗin wannan. Wata ɗaya ne, ko tun ranar da aka haƙa? Na sha ruwan nan da cikin yaron wata tara. Da shi aka yi masa wankan farko. Na tuna matan layinmu da bokitansu, da mai shayin bakin titi da ke cika jarkoki huɗu kowace safiya yana sa wa Inna albarka. Na cire safar, na ɗauko wayata na danna lambar Inna.

Tana cikin ƙara aka turo ƙofa. Injiniya ne da kofin shayinsa, ya buɗe baki zai yi tambayarsa ta kullum, sai idonsa ya sauka a kan allo ta saman kafaɗata. Ya ajiye kofin a kan takarduna. Ya matso, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kai! Ɗan yawo ya dawo!" Ya buga tebur yana dariya kamar an yi masa albishir da haihuwa. "Shekara huɗu! Na ce musu ba ta ɓata ba, na ce musu tana wani wuri."

A kunnena Inna ta ɗauka, abin da ba ta saba ba. Kafin ta yi magana na ji ƙugin injin ruwa a bayanta, da ƙarar bokitai, da hayaniyar mata a famfon waje. Ta ce in kwantar da hankalina, Maigidanta ya daina kuka. Ruwan robar nan ne ba ya so, tun da an gano takalmi ne ta dama masa da nasu na gida, ga shi nan ya shanye tas har yana neman ƙari.

"Inna, karɓe daga bakinsa. Ki kashe injin, ki rufe famfon waje."

"Ke kuma mene ne? Ba an gama wannan maganar jiya ba?"

"Ba Yaya ba ne, Inna."

Injiniya bai ji ni ba. Ya riga ya janyo littafin gabansa, ya zare jan bironsa daga aljihu, ya soke tsohon rubutunsa da layi ɗaya. Ya ɗora bakin biron a gurbin da ake rubuta inda lamba ta ɓullo, yana murmushi, ya ce in faɗa masa wace rijiya ce.